Yadda Ake Zama da Gizo-gizo a Gida: Gane Mai Haɗari, Kauce wa Cizo da Kula da Wanda Aka Ciza

A gidajenmu da yawa, idan yaro ya wayi gari da jan tabo a wuya, ko ƙuraje masu ruwa a gefen baki, tun kafin a duba shimfiɗar da ya kwana a kai za ka ji wata babba a gidan ta yanke hukunci cewa tautau ne ya yi masa fitsari. Daga nan sai a shiga neman toka ko kanwa ko wani haɗi da za a shafa, a ɗauki tsintsiya a bi kusurwoyin ɗaki ana kashe duk gizo-gizon da aka gani, wani lokaci ma a rufe ƙofa da taga a yayyafa fiya-fiya. Abin da ke damuna a wannan lamari shi ne, sau da yawa gizo-gizon ba shi da hannu a ciwon, abin da aka shafa yana ƙara ɓata wurin, fiya-fiyar kuwa ta fi duk wani gizo-gizo da ke cikin gidan haɗari ga yaron. Saboda haka ya kamata magidanci da uwargida su san ɗabi'ar wannan halitta, su iya gane 'yan kaɗan ɗin da ake tsoro daga cikinta, su kuma san abin yi da abin bari idan cizo ya faru.

Fara da sanin ɗabi'arsa

Gizo-gizo yana da ƙafa takwas, jikinsa kashi biyu ne, ba shi da fuka-fuki, ba shi kuma da 'yan ƙahonin nan da ake gani a kan kyankyaso ko fara. Da wannan ake bambanta shi da ƙwari masu ƙafa shida, kuma ta fuskar halitta ya fi kusa da kunama da kaska. A shekarar 2022 adadin nau'o'in gizo-gizo da masana suka tantance suka ba su suna ya kai 50,000, kuma har yanzu ana ƙara gano wasu. Kusan dukkansu suna da dafi, amma dafin na farauta ne: gizo-gizo yana soka wa ƙuda ko sauro 'yan fiƙoƙi biyu da ke gaban bakinsa, dafin ya sandarar da ƙwaron, sannan ya zuba masa wani ruwa mai narkar da nama ya tsotse. Ba ya harbi da wutsiya kamar kunama, cizo yake yi. Mafi yawan nau'o'in kuwa, ko dai fiƙoƙinsu sun yi ƙanƙanta da su huda fatar mutum, ko kuma dafinsu ba ya yin wani tasiri a jikinmu fiye da ɗan zafi da ja na sa'o'i kaɗan.

Abu mafi muhimmanci da za a riƙe shi ne gizo-gizo ba ya shan jini. Sauro da kuɗin-cizo da ƙuma da kaska suna neman mutum ne domin jininsa abincinsu ne, amma gizo-gizo ba shi da abin da zai samu a jikin ɗan Adam, kuma duk dafin da ya zubar a kanmu asara ce gare shi. Idan ya ji motsin mutum, ko dai ya ruga ya shige rami, ko ya saki kansa ya faɗo ƙasa ya dunƙule kamar matacce. Yana cizo ne idan aka matse shi tsakanin fata da wani abu ya rasa hanyar gudu, kamar idan aka zura ƙafa cikin takalmin da ya ɓuya a ciki, ko aka sa rigar da ta daɗe a rataye, ko aka mirgina a kansa cikin barci, ko aka cusa hannu cikin tarin itace ba tare da dubawa ba.

Akwai wani misali daga Amurka da ke nuna haka sarai. A wani gida a jihar Kansas, an tattara gizo-gizo 2,055 na nau'in da ake kira Loxosceles reclusa cikin wata shida, kuma wannan nau'i yana cikin waɗanda dafinsu ke iya cin nama. Mutum huɗu ne ke zaune a gidan shekara da shekaru, amma babu wanda aka samu da alamar cizo a cikinsu. An buga wannan rahoto a 2002. A shekarar ce kuma aka buga wani bincike daga Ostireliya kan mutum 750 da aka tabbatar gizo-gizo ne ya cije su, domin an kama shi an kai wa masana sun tantance: mafi yawansu zafi da ja kawai suka samu, kimanin kashi 6 cikin 100 ne suka yi rashin lafiya sosai, kuma babu ko ɗaya da wurin ya zama gyambo.

Waɗanda muka fi gani a ɗakunanmu

Mai dogayen ƙafafu siri-siri da ke rataye a kusurwar silin ko tsakanin azara, wanda idan aka taɓa yanarsa yake karkaɗa jiki da sauri, ba shi da wata illa ga mutum, kuma yana cin sauro da ƙuda har da wasu 'yan uwansa. Ɗan ƙaramin nan mai tsalle a jikin bango da rana, mai manyan idanu biyu a gaba, shi ma haka; ba ya saƙa tarko, laɓaɓawa yake yi ya daka wa ƙuda tsalle kamar kyanwa. A yankin tafkin Biktoriya, tsakanin Kenya da Uganda, akwai wani ɗan uwansa mai suna Evarcha culicivora da aka gano ya fi son farautar macen sauro wadda ta riga ta sha jini, musamman irin sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Sai kuma ƙaton nan mai faɗi, ruwan ƙasa, mai gudu a jikin bango da dare, wanda ya fi kowa firgita mata da yara saboda girmansa. Kyankyaso yake nema, kuma idan aka matse shi ya ciji mutum, abin bai cika wuce zafi da kumburi na ɗan lokaci ba. A gona da lambu kuma akwai mai saƙa babbar yana mai ruwan zinare tsakanin bishiyoyi, da mai yawo a ƙasa wanda macensa ke jan jakar ƙwai a bayanta, idan sun ƙyanƙyashe ta goya 'ya'yan a gadon bayanta.

Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2017 ya nuna cewa gizo-gizon duniya baki ɗaya suna cin abin da ya kai tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a kowace shekara. Manomin da ya ga yana da yawa a gonar wakensa ko audugarsa da sassafe, raɓa na ƙyalli a kanta, ya san yana da ma'aikatan da ba ya biya. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara kullum, ina ganin kuskure ne mutum ya ƙyale sauro ya tsaya yaƙi da mai cin sauro.

Wanda ya kamata a gane da ido

Akwai jinsi ɗaya da nake so kowa ya iya ganewa, wato Latrodectus, wanda Turawa ke yi wa laƙabi da matar da mijinta ya mutu, saboda a wasu nau'o'insa macen takan cinye namijin bayan barbara. Baƙar nau'in da ta yi suna tana Amurka, akwai wata mai jan zane a baya a Ostireliya, akwai wasu baƙaƙe a kudancin Afirka da ƙasashen bakin Bahar Rum. Wadda ta bazu a sassan Afirka da yawa da sauran ƙasashe masu zafi ita ce mai ruwan ƙasa, Latrodectus geometricus, kuma ita ce ta fi dacewa mu sani domin tana son zama kusa da mutane.

Ga yadda ake gane ta. Macen ce mai cizo, kuma jikinta ba ya wuce girman ƙwayar wake, cikinta a dunƙule yake kamar gurjiya, launinta daga ruwan toka zuwa ruwan ƙasa mai duhu, ƙafafunta suna da duhu a gaɓoɓi. A ƙarƙashin cikinta akwai wata alama ruwan lemo ko rawaya mai siffar kalangu, faɗi sama da ƙasa, tsuke a tsakiya. Ana iya ganin alamar ba tare da an taɓa ta ba, domin a yanarta takan rataya ne ciki a sama. Yanar ba irin mai kyawun zagayen nan ba ce, a hargitse take, amma zarenta yana da ƙarfi, idan ka ja shi da kara za ka ji yana turjiya. Alamar da ta fi sauƙin gani ita ce jakar ƙwanta: 'yar dunƙule ce fara-fara ko ruwan madara, mai tsinaye ko'ina a jiki kamar ƙarangiya. Duk inda ka ga irin wannan jaka, to uwar tana kusa. Wuraren da take so su ne ƙarƙashin kujerar roba da benci, cikin tsofaffin tayoyi, ramukan bulo da aka jibge, bakin bokiti ko tulun da aka kife aka manta, ƙarƙashin taga, bayan randa, da kusurwoyin masai.

Ita wannan mai ruwan ƙasa matsoraciya ce ƙwarai, kuma cizonta bai kai na baƙaƙen 'yan uwanta tsanani ba. Galibi zafi ne mai ƙarfi a wurin da ɗan ja. Amma dafin jinsin gaba ɗaya jijiyoyi yake kamawa, saboda haka idan ya shiga da yawa, musamman a jikin ƙaramin yaro ko tsoho, zafin yakan ƙaru cikin sa'a guda, ya hau zuwa hammata ko matsematsi, ya kama ciki da baya da ƙirji, tsokar ciki ta ƙage ta yi tauri, gumi ya riƙa tsatsafowa, wani lokaci a wurin cizon kaɗai, tare da tashin zuciya da hawan jini. Wannan hali yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Mutuwa daga gare shi abu ne mai wuyar faruwa, amma wahalar tana da yawa, kuma a asibiti ake kula da ita.

A yankin kurmi na Afirka ta Yamma akwai manyan gizo-gizo masu gashi da ke zama a kan bishiya, musamman tsakanin ganyen kwakwar manja, kamar Stromatopelma calceatum. Suna da saurin fushi, cizonsu yana da zafi ƙwarai, kuma yakan sa ƙagewar tsoka. Wannan ya shafi masu hawa bishiya da 'yan ci-rani da ke aikin gona a kudu. Akwai kuma wata halitta ta ƙasashen yashi da ake ɗauka gizo-gizo ce: ruwan ƙasa ko ja-ja, mai gashi, mai manyan muƙamuƙai, da kamar ƙafa goma, tana shigowa da gudu wurin hasken fitila da dare. Ita ba gizo-gizo ba ce, kuma ba ta da dafi ko kaɗan, sai dai tana iya datsa fata idan aka kama ta da hannu, sai a wanke wurin kamar kowane rauni.

Sauran da suka yi suna a duniya suna can ƙasashensu. Jinsin Loxosceles mai ido shida, wanda dafinsa ke iya kashe fata ta yi baƙi ta zama gyambo cikin kwanaki, ya fi yin ɓarna a Kudancin Amurka da wani yanki na ƙasar Amurka, akwai shi kuma a kudancin Afirka da bakin Bahar Rum. Phoneutria yana Brazil da maƙwabtanta, kuma cibiyar Butantan da ke Sao Paulo tana haɗa makarin dafinsa. Atrax robustus na yankin Sidni a Ostireliya shi ne aka fi tsoro. An rubuta mutuwar mutum 13 ta dalilinsa, amma tun da aka fara amfani da makarin dafinsa a 1981 ba a sake rubuta ko ɗaya ba. Hotunan mugayen raunuka da ake turawa a WhatsApp da Facebook da sunan wani sabon gizo-gizo ya shigo gari, bai kamata a gaskata su ba tare da sanin inda suka fito ba.

Kafin ka ce gizo-gizo ne

Nan ne na fi so a tsaya, domin nan ne ake cutuwa. Ƙa'idar likitoci ita ce ba a tabbatar da cizon gizo-gizo sai an gan shi yana cizon, ko an same shi a wurin nan take. A wani asibiti a jihar Kalifoniya an duba mutum 182 da suka zo suna cewa gizo-gizo ya cije su, sai aka samu 7 ne kawai cizon gizo-gizo ne da gaske, fiye da kashi 85 cikin 100 kuwa ƙwayoyin cuta ne suka shiga fatarsu, irin waɗanda ke haddasa maruru. Wanda ya ɗauki maruru mai tsanani a matsayin cizo, ya zauna yana shafe-shafe a gida, ya jinkirta maganin da zai warkar da shi ke nan.

Batun fitsarin tautau kuwa, gizo-gizo ba ya fitar da wani ruwa mai ƙona fata. Kashinsa ɗan ɗigo ne da ke bushewa a bango. Abin da ke sa irin wannan ƙuna sau da yawa wani ɗan siririn ƙwaro ne mai kama da tururuwa, jikinsa ratsin baƙi da ruwan lemo, da ake kira Paederus. Yana yawa da damina kusa da fadama da gonakin shinkafa, kuma hasken lantarki yana jawo shi ɗaki. Ba ya cizo, ba ya harbi, amma ruwan jikinsa yana ɗauke da guba, saboda haka idan ya hau wuyan mutum cikin barci aka murje shi da hannu, bayan kwana ɗaya ko biyu sai wurin ya yi ja a tsaye kamar an ja layi, ya yi ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi. Idan a lanƙwasar gwiwar hannu ne, za ka ga tabon ya fito gefe biyu da suka haɗu. Hangara ma tana yin irin wannan ɓarna, ta tayar da bororo. Maganin abin shi ne idan irin wannan ƙwaro ya hau jikinka ka hure shi ko ka kakkaɓe shi da takarda, kada ka murje shi, idan kuwa an riga an murje, a wanke wurin da hannuwa da sabulu da ruwa mai yawa nan take, kada kuma a kai hannun ido, domin yana kumbura ido ƙwarai.

Akwai wasu ciwuka da ake jingina wa gizo-gizo. Ƙuraje masu ruwa da suka fito a jere a gefe ɗaya kawai na ƙirji ko baya ko fuska, da zafi kamar wuta, galibi ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya tun yarinta ta farka, kuma maganinta ya fi aiki idan aka fara shi cikin kwana uku, balle idan kusa da ido ne. Cizo da yawa a jere a hannu ko baya bayan an kwana, aikin kuɗin-cizo ne ko ƙuma, domin gizo-gizo sau ɗaya yake cizo ya gudu. Ƙurjin da ya kumbura da ɗan rami a tsakiya, ana jin motsi a ciki, tsutsar wani ƙuda ce da ke yin ƙwai a ƙasa ko a kan tufafin da aka shanya, kuma guga mai zafi tana kashe ƙwan. Gizo-gizo ba ya yin ƙwai a jikin mutum. Gyambon da ya ƙi warkewa mako da makonni yana iya zama daga ciwon sukari, ko cutar fata da wani ɗan ƙaramin ƙuda na ƙasashen Sahel ke yaɗawa, ko wata cuta daban da sai an gwada za a sani.

Mafi hatsari duka shi ne wanda wani abu ya sara ko ya harba a duhu bai gani ba, a gona ko a hanyar masai, sai a ce ƙila gizo-gizo ne a koma a kwanta. A ƙasarmu, abin da za a fara zargi shi ne maciji ko kunama. Saran kububuwa yakan fara da ɗan kumburi, daga baya jini ya ƙi daskarewa ya riƙa fita ta dasashi da fitsari, kuma ba a banza ake kiranta gobe-da-nisa ba. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna ne saboda yawan waɗanda take sara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara. A yankin Agadas kuma harbin kunama yana kashe ƙananan yara. Duk wanda bai ga abin da ya cije shi ba, wurin kuma yana kumbura da sauri ko yana zubar da jini, a kai shi asibiti a daren.

Idan cizon ya tabbata

Da farko a kwantar wa wanda aka ciza hankali, a zaunar da shi, a gaya masa gaskiya cewa mafi yawan irin wannan cizo yana wucewa da kansa. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta. A cire zobe ko awarwaro ko agogo idan a hannu ne, tun kafin kumburi ya hana. A naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta a ɗora na minti 10 zuwa 15, a ɗaga a huta, a sake. Idan babu ƙanƙara, tsumman da aka jiƙa da ruwan randa ya wadatar. Kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye a kan fata. A ɗaga hannun ko ƙafar a kan matashi, a ba shi farasitamol gwargwadon shekarunsa da nauyinsa. Sannan a ɗauki biro a zagaye iyakar jan, a rubuta lokaci a gefe, domin da wannan za a gane ko abin yana faɗaɗa, kuma likita zai ji daɗin wannan bayani fiye da kowane kwatance.

Idan gizo-gizon yana nan, a kife shi da kofi ko kwalba, a zura takarda mai kauri ta ƙasa a rufe. Ko an riga an murƙushe shi, a ɗauki gawar a sa a kwalba ko a ɗauki hotonsa da waya, sama da ƙasa. Amma kada a tsaya farautarsa a bar mara lafiya.

Abubuwan da za a bari sun fi waɗanda za a yi muhimmanci. Kada a tsaga wurin da aska ko reza, kada a yi ƙaho, kada a tsotsa da baki, domin dafin da ya shiga ɗan mitsitsi ne kuma ya riga ya bazu, abin da tsagar za ta ƙara kawai shi ne ƙofar shigar cuta. Kada a ɗaure hannu ko ƙafa da igiya ko roba, wannan yana hana jini gudu har ya kashe gaɓa. Ɗaurin bandeji mai matsewa da ake koyarwa a Ostireliya na cizon Atrax ne da danginsa, ba a yin sa ga jinsin Latrodectus domin yana ƙara zafi. Kada a zuba kananzir ko fetur ko ruwan batir ko man birki, kada a shafa toka ko ƙasa ko kashin dabba, kada a ƙona wurin da wuta. Kada kuma a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis a fara sha haka kawai, domin ba ya karya dafi, sai likita ya ga alamar cuta ta shiga raunin. Wanda ya daɗe bai yi allurar rigakafin tetanus ba, wato ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, ya tambayi ma'aikacin lafiya ko yana bukata.

A tafi asibiti ba tare da jira ba idan zafin yana ƙaruwa yana hawa jiki maimakon raguwa, ko ciki ya ƙage, ko gumi ya yi yawa, ko ana amai, ko numfashi ya yi wuya, ko fuska da leɓɓa suka kumbura, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko zazzaɓi ya shigo. Haka nan idan bayan kwana ɗaya ko biyu tsakiyar wurin ya yi shuɗi ko baƙi, ko ja ya tsallake layin biron da aka zana, ko mugunya ta taru. Ƙaramin yaro da mai ciki da tsoho da mai ciwon zuciya ko hawan jini, su ne aka fi gaggauta kai wa asibiti idan aka ga waɗannan alamu. Ɗaya ta isa. Yaron da ba ya iya magana, idan ya tashi da kuka mai tsanani da ba a saba ba, yana gumi, cikinsa ya yi tauri, a duba shimfiɗarsa da kayansa, a kuma gaya wa likita abin da aka gani. A asibiti abin da aka fi yi shi ne ba da maganin zafi mai ƙarfi da na sassauta tsoka, da lura da numfashi da bugun jini har dafin ya fita.

Rage haɗuwa da shi a gida

Tunda matsewa ce ke kawo cizo, rigakafin duka yana komawa ga duba wuri kafin a sa jiki. A kakkaɓe takalmi sau-ciki da takalmin ruwa na gona kafin a sa, a kife shi a buga a ƙasa, kada a zura hannu a lalubo. Wannan ɗabi'a tana tsare mutum daga kunama ma. A girgiza rigar da ta kwana a rataye a ƙusa, da tawul, da bargon da aka ajiye tun sanyin bara, da tabarmar da aka naɗe aka jingine. A janye gado kaɗan daga bango, kada zanen gado ya riƙa jan ƙasa, a cusa gefen gidan sauro ƙarƙashin katifa. Mai ɗibar itace ko kara ko bulo, da mai shiga rumbu ko sito, ya sa safar hannu idan yana da ita, idan babu ya fara motsa kayan da sanda, kuma kada ya sa yatsu inda idonsa bai gani ba. A shiga masai da tocila da dare. A riƙa juya kujerun roba da yara ke zama a kai ana duba ƙarƙashinsu lokaci-lokaci.

Sharar mako-mako da doguwar tsintsiya a kusurwoyi da bayan kaya ta fi kowane feshi amfani, domin gizo-gizon da ake rushe wa yana kullum yakan ƙaura. A rage tarkace a tsakar gida, a nesanta tarin itace daga bangon ɗakin kwana, a toshe tsagar bango da ƙasan ƙofa, a sa wa taga raga. Tunda abinci ne ke kawo shi, gidan da aka rufe abinci aka kwashe shara, ƙuda da kyankyaso suka ragu, shi ma zai ragu. Fitilar waje da ke dab da ƙofa tana tara ƙwari, su kuma su tara masu cin su, don haka a matsar da ita nesa kaɗan idan da hali. Tsaka da ƙadangare da kaji suna cin gizo-gizo, zanzaro kuma yakan sandarar da su ya cusa cikin ɗakin laka da yake ginawa domin 'ya'yansa su ci; wanda ya taɓa fasa gidan zanzaro ya ga haka da idonsa.

Feshin maganin ƙwari bai cika yin aiki a kan gizo-gizo ba sai ya same shi kai tsaye, kuma jakar ƙwai takan tsare abin da ke cikinta. Fiya-fiya da sauran magungunan gona da ake zubawa a ɗaki guba ce mai kama jijiya, tana shiga ta numfashi da ta fata, kuma an sha rasa rayuka saboda an fesa an rufe ɗaki an kwana a ciki, ko yaro ya sha daga kwalbar da aka ajiye a ƙasa. Bai dace a shigar da ita ɗakin kwana saboda gizo-gizo ba. Idan aka ga mai alamar kalangu a inda yara ke wasa, a sa takalmi da safar hannu, a murƙushe ta da sanda ko bayan takalmi, a tattaro jakunkunan ƙwan da kara a murƙushe su ko a jefa a wuta, sannan a share yanar a sake duba wurin bayan mako guda. Sauran kuwa, irin ƙaton nan na bango da ke hana yara barci, a kife shi da kofi, a zura kwali ta ƙasa, a kai shi bayan gida ko gindin bishiya a sake shi, kuma a bar yaran su tsaya su kalli yadda ake yi domin gobe su iya da kansu.